Goyon Jummai

Makon jiya ina wanke hannu a bakin famfo na ji ɗaya daga cikin 'yan matan da aka ɗauka aiki kwanan nan tana gaya wa ƙawarta a waya: "Ai ba wani aiki ba ne, shara ce da goge-goge, sai ɗan riƙe yara." Ban tanka mata ba, don ba ƙarya ta yi ba. Ni ma da na zo haka na ɗauka. Amma da yake saura 'yan watanni in ajiye aikin nan, na ce bari in zauna in rubuta muku abin da na sani, ku 'ya'yana masu shigowa. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, ina da 'ya'ya uku. In kun ga inda ya karkace ku yi haƙuri ku wuce.

Mu ba nas ba ne. Ba ma yin allura, ba ma ba da magani, ba ma rubutu a katin mara lafiya. Hidimar ɗakin yara ita ce tamu. Kayan aikinmu bokiti biyu ne, na ƙasa da na gado, kuma ba a haɗa su ko da wasa. Sai tsumma biyu, da safar hannu, da tasar amai, da amalanken da ake tura tukunyar oksijin a kai, wanda ƙafarsa ɗaya take ja gefe tun kafin in zo. Akwai kuma kaya guda da asibiti ba ya bayarwa, daga gida za ki zo da shi, shi ne zanin goyo. Ki samo tsoho wanda ya sha wanki ya yi laushi. Sabon zani yana santsi, kuma yana goge fatar yaron da zazzaɓi ya gasa.

Aikin farko da aka ba ni shi ne canja zanin gado a ƙarƙashin yaron da ake yi wa ƙarin ruwa. Wadda ta koya mini sunanta Mama Rifkatu, Bagwariya ce daga wani ƙauye a bayan Maikunkele, gajera, ba ta ɗaukar komai a ka, ko bokiti a kafaɗa take ɗora shi. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Na kama yaron zan ɗaga shi sama gaba ɗaya, sai ta riƙe mini hannu.

"Kai Asabe, buhun doya ne? Ina allura zai tafi in ka ɗaga?"

Ta nuna mini yadda ake naɗe tsohon zanin zuwa tsakiyar gado, a shimfiɗa rabin sabon, a mirgina yaron a hankali hannun da yake da allura yana sama, sannan a ja ta ɗaya gefen. Sau bakwai ta sa na yi a ranar, a kan gadon da babu kowa, da filo a madadin yaro. Da filon ya faɗi ta ce, "To, ka kashe ɗan mutane. Sake."

Wanke robar da ake sa wa yaro a hanci da baki don ya shaƙi magani, shi ma aikinmu ne, kuma a nan ne ake gane mai ha'inci. Kowa zai iya tsoma ta a ruwa ya fitar. Amma sai an wanke lungunta, an jiƙa ta a ruwan magani iya lokacin da Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta faɗa, an ɗauraye, sannan a bar ta ta bushe ƙarau. Wadda aka mayar da damshi, ciwon yaron farko za ta kai wa na biyu, kuma ba wanda zai taɓa sanin daga hannunki ya fito. Ke kaɗai za ki sani.

Mutanen da muke yi wa aiki kuwa, rabinsu yara ne, rabinsu iyaye mata. Za ki ga mace kwana uku ba ta yi wanka ba, ba ta ci abin kirki ba, sallolinta duk a haɗe, don ba ta da wanda za ta bar wa ɗa. Ba a tambayarta ko tana so a taimaka, za ta ce a'a. Sai dai ki je da zaninki a hannu ki ce, "Kawo shi, je ki watsa ruwa." In kin ga kwalbar rubutu ko ƙullin sassaƙe a ƙarƙashin katifa kada ki ɗaga murya. Ki zauna kusa da ita ki tambayi me aka ba shi, yaushe, sannan ki gaya wa Sista a gefe. Uwar da aka kunyata a gaban mutane, gobe ba za ki same ta a gadon ba.

Shekarar da ƙyanda ta yi yawa ita ce mummunar shekararmu. Yara biyu a gado, wasu a tabarma a baranda, tukunyar oksijin ana jiranta kamar layin famfo. A shekarar nan ba na tuna ranar da na yi goge-goge babu ɗan wani a bayana. A nan ne Mama Rifkatu ta koya mini abin da ya fi komai amfani. Ta ce in na goya yaro kada in sa hankalina duka a kan tsumma, in bar rabi a bayana. Numfashinsa yana sauri ko ya lafa? Haƙarƙarinsa yana shiga yana fita? Jikinsa ya ƙara zafi? Yaron da ya rame, ga zazzaɓi, har bugun zuciyarsa za ki ji ta cikin riga, daidai ƙasan kafaɗarki ta hagu, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa. Wata rana da hantsi wani yaro daga Kpakungu yana bayana, uwarsa ta je karɓo magani, na ji ƙwanƙwasar ta rage, ta rage. Na kwance shi na kira Sista. An yi abin da za a yi, bai tashi ba. Da na koma gida Ketaren Gwari na wanke zanin na shanya, da safe na ninke shi na dawo da shi.

Bayan wannan shekarar da kamar damina uku aka fara kawo mana Jummai. Shekararta biyu da 'yan watanni, amma in kin gan ta sai ki ce ba ta yi ɗaya da rabi ba. Uwarta Rabi, yarinya ce mai kunya, a Tunga suke, mijinta Malam Isa yana tuƙa keke napep. Ciwon kullum iri ɗaya ne: tari, zazzaɓi, numfashi sama-sama, majina ba ta yankewa. A ce nimoniya ce, a yi allurai kwana biyar ko bakwai, ta warware, a sallame su. Wata biyu ba su cika ba sai ga su. Kuma kusan kowane zuwa da sabon kati, don Rabi takan bar tsohon a gida cikin ruɗewa, likitan da zai gan su ma wani ne daban. Mu da muke ɗakin kullum mu ne muka san zuwa na nawa ke nan.

Jummai tana da wata ɗabi'a. In ta hango farar riga sai ihu, ta sandare, ta yi ta shure-shure. Duk likitan da ya sa mata abin sauraron ƙirji, kuka yake ji da ƙarar majina. Sai ya saurara iya yadda ya samu, ya duba hoton ƙirjinta a jikin taga, ya rubuta magani, ga wasu yara ashirin suna jiransa.

A zuwa na biyar, ranar kwana na huɗu, na shigo da safe na tarar Rabi ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado.

"Maman Jummai, an sallame ku ne?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Inna. Babanta ne zai zo bayan la'asar. Kakarta ta aiko, ta ce a kai ta ƙauye. Wai belu ne, a cire, a yi mata tsaga a haƙarƙari a fitar da baƙin jini."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce, Inna? Sau biyar. Ya ce in da maganin yana nan da yanzu an gani."

Ban ga laifin Malam Isa ba. Mutum ne da yake ajiye kekensa ya zauna a baranda yana kallon ƙofa. Amma na san abin da aska take yi wa yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, na kuma san alluranta saura kwana uku. Na ce wa Rabi ta je ta yi wanka ta sami abin da za ta ci, tunda tafiya ce a gabanta. Na karɓi Jummai. Duk zuwan da suka yi ban taɓa goya ta ba, don ba ta yarda da kowa. Ranar dai ta gaji. Na ɗora ta, na ɗaure zani, na ɗauki tsummana. Kafin in gama gado biyu ta yi barci.

Ina goge ƙarfen gado na uku na ji wani abu bai zauna daidai ba. Na zaci goyon ne ya karkace. Na gyara ta, na sake ɗaurewa, na ci gaba. Ƙwanƙwasar tana nan da ƙarfinta, amma a ƙasan kafaɗata ta dama. Na tsaya cik. Na kai hannu baya na shafa kanta, na shafa ƙafafunta biyu, a miƙe take, cikinta a manne da bayana kamar kowane yaro. Na yi shekaru ina jin abin nan a hagu. Ban taɓa jin sa a nan ba.

Na sami Mama Rifkatu a wurin wanke robobi. Lokacin saura kaɗan ta yi ritaya, gwiwa ta fara damunta. Na ce, "Mama, karɓi yarinyar nan ki goya, ki gaya mini abin da kika ji." Ban faɗa mata komai ba. Muka zame ta daga bayana zuwa nata a hankali, ba ta farka ba. Mama Rifkatu ta tsaya, ta rufe ido, hannunta yana ɗigar da ruwa. Can ta buɗe.

"Kai Asabe. Wannan yaro, zuciyan shi ya yi ƙaura."

Na mayar da ita bayana na je wurin Sista. Tana cika takardu, ba ta ɗago ba.

"Sista, yarinyar gado na shida, zuciyarta a dama take bugawa."

"Asabe, yaushe aka ba ki takardar likita ba mu sha biki ba?"

"Ba ni da ita, ranki ya daɗe. Bayana ne ya ji, na Mama Rifkatu ma ya ji. Kuma bayan la'asar za a tafi da ita."

Ta ajiye biro ta dube ni. Mace ce mai faɗa amma ba ta raina magana. Ta ce likita ya gama zagaye yanzun nan, ya nufi ɗakin haihuwa, in na yi sauri zan same shi a hanya. "In ya yi miki tsawa kada ki ce ni na aike ki."

A ƙa'idar aikinmu mai bokiti ba ta tare likita a hanya. Na tare shi a barandar da ke tsakanin ɗakunan biyu. Saurayi ne, bai daɗe da zuwa ba, dogo, kullum kamar ana binsa.

"Likita, don Allah minti ɗaya. Yarinyar nan da ba ta bari a saurare ta, ga ta tana barci. Ka saurara yanzu, amma kada ka zo ta gabanta, kada a kwance ta."

"Mama, na gan ta ɗazu ai."

"Ka gan ta tana kuka, ɗana. Ka ji ta tana barci."

Ban san abin da ya sa ya tsaya ba. Ya zagaya bayana, na ɗan sassauta zanin, ya ɗumama bakin abin sauraron a tafin hannunsa, ya zura shi tsakanin bayana da ƙirjinta. Ina jin sanyin ƙarfen a hagu. Ya daɗe. Ya zare, ya mayar dama. A nan ya fi daɗewa. Sai na ji ya ce a hankali, "Ikon Allah." Ya fasa zuwa inda za shi.

A ɗaki ya ce a kawo hoton ƙirjinta. Ya ɗaga shi a taga yadda kowa yake ɗagawa, inuwar zuciya tana inda aka saba ganinta. Sai ya duba 'yar alamar da mai ɗaukar hoto yake sawa a kusurwa don a san ina ne dama, ya juya hoton. Ashe duk wanda ya ɗauka, in ya ga zuciya a wancan gefen, sai ya ɗauka mai hoton ne ya sa alamarsa a juye cikin sauri, ya gyara masa ta hanyar juya hoton, ya duba huhu ya wuce. Mai hoto bai yi kuskure ba ko sau ɗaya. Gyaran ne kuskuren.

Malam Isa ya zo bayan la'asar kamar yadda ya ce, ko kekensa bai kashe ba, ya bar shi a bakin ƙofa yana ƙara. Likitan da kansa ya fita ya shigo da shi. Jummai tana bayana a karo na uku a ranar. Ya sa wa uban abin sauraron a kunne, ya ce ya ji nan, ya ji nan.

"Ina ka fi ji, Malam?"

"Nan." Ya nuna dama. Ya cire abin daga kunnensa yana kallonsa. "To likita, mayar da ita za a yi?"

"A'a. Nan Allah Ya ajiye ta, kuma tana aikinta. Amma yaron da aka halitta haka, wani lokaci akwai wasu abubuwa a cikinsa da su ma ba su zauna yadda aka saba ba, kuma mai yiwuwa su ne suke dawo da ciwon nan. Sau biyar muna kashe wuta ba mu nemi inda take tasowa ba. Ka ba ni kwana uku ta gama allura, in rubuta muku takarda zuwa babban asibitin koyarwa, a duba zuciyar da cikin da na'ura."

"Tsohuwa ta ce belu ne."

Likita ya juyo ya dube mu. Mama Rifkatu tana jingine da amalanken oksijin ta ce, "Malam, ka gaya wa tsohuwa, belu yana nan, ba ya gudu. In an je an dawo ba a ga komai ba, ni da kaina zan raka ku wurin wanzami."

Malam Isa ya yi 'yar dariya, irin wadda mutum yake yi don kada ya yi wani abin. Ya tsaya yana kallon 'yarsa. Sannan ya fita, muka ji kekensa ya yi shiru. Rabi ta jawo ƙullin kayan daga ƙarƙashin gado ta fara kwancewa.

Sun je sun dawo bayan mako biyu da takardu. Abin da na fahimta daga bayanin likita shi ne, zuciyar tana dama, da ɗan ƙaramin rami a cikinta wanda aka ce a riƙa dubawa duk shekara. Babban abin kuma saifa ce. Kun san ta, wadda ake gani a cikin rago a jikin tumbi. Ashe tana cikin masu tsare jiki daga ƙwayoyin cuta. Ta Jummai ba guda ɗaya ba ce, 'yan gutsattsari ne, kuma ba sa aikin kirki, shi ya sa garkuwar jikinta ba ta da ƙarfi, abin da wani yaro zai yi atishawa ya wuce ita sai ya kwantar da ita. Aka ɗora ta a kan maganin sha na kullum, aka ƙara mata alluran rigakafi, aka ce ta riƙa kwana a gidan sauro, kuma ko yaya jikinta ya yi ɗumi a kawo ta a ranar, kada a jira gobe. Aka koya wa Rabi yadda za ta kifa ta a cinya ta bubbuga mata baya da tafin hannu a dunƙule don majina ta fito. Sista ta sa aka rubuta wannan bayani a bangon katinta da jan biro, ni kuma na ɗinka wa katin 'yar jaka da ragowar atamfa, mai igiya, don a rataye a ƙusa kusa da ƙofa.

Ba ta daina zuwa ba, kada in yi muku ƙarya. Amma zuwan ya koma sau ɗaya a shekara, wata shekarar ma ko sau ɗaya, kuma da ƙafarta take shigowa.

Kada kuma ku ɗauka duk yaro mai yawan tari haka yake. A duk shekaruna irin Jummai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba duka aka samu yadda ake so ba. Akwai wani jariri mai baƙin leɓe da aka gane tasa zuciyar da wuri, aka tura su, bai kai ga dawowa ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, likita yana canjawa, nas tana canjawa, kati yana ɓata, amma ke kina nan. In kin ga fuska ta dawo sau uku, sau huɗu da ciwon ƙirji iri ɗaya, ki buɗe baki ki faɗa wa Sista. In ta yi miki dariya ba ki rasa komai ba.

Mama Rifkatu ta rasu shekara huɗu ke nan. Jummai kuwa tana aji biyar a firamare. Watan jiya suka zo duba zuciya na shekara, ta same ni ina tura amalanken nan mai jan ƙafa, ta kama mini gefe ɗaya.

"Inna, an yi mini faɗa a makaranta."

"Me kika yi?"

"Wurin taron safe, aka ce kowa ya ɗora hannu a zuciyarsa. Na ɗora. Sabuwar malama ta ce in gyara."

"Sai kika ce me?"

"Na ce, Malama, ni tawa a nan take. Ta ce in daina wasa. Na ce ta taɓa ta ji."

"Ta taɓa?"

"Ta taɓa. Har ta kira wata malamar ita ma ta taɓa."

Rabi tana gefe tana rufe baki da mayafi, jakar katin tana rataye a wuyan hannunta, atamfar ta koɗe har ba a gane zanenta. Na ce su bar mini ita in sake ɗinka wata. Jummai ta ce a'a, wannan take so.

Ke kuma 'yata mai waya, ban riƙe ki da komai ba. Ranar Litinin ki zo da tsohon zani daga gida. Akwai wata uwa a gado na biyu da ba ta yi wanka ba tun shekaranjiya.